Kowane ƙwai fari ne a jikin kwali: amsoshin wasiƙunku kan fitilun LED

Wasiƙun wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duk kan ƙwan fitila suka taru. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Masu tambaya a kan fanka da firiji su yi haƙuri sai wani jiƙon.

Daga wani mai shagon shadda da leshi a Kantin Kwari, Kano: "Malam, wata Hajiya ta zo haɗa lefe, ta zaɓi leshi a shagona a kan cewa ruwan makuba ne. Washegari ta dawo da shi tana faɗa, wai da ta buɗe a tsakar gida ja ne jawur, ba shi ta zaɓa ba. Wallahi ban canza mata ba. Yaran shago sun ce laifin fitila ne. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wace iri zan saya?"

Alhaji, yaranka suna da gaskiya, Hajiya ma tana da gaskiya, kai ma ba ka yi ha'inci ba. Ƙwan da ke rataye a saman kanka ne ya haɗa ku.

Yadi ba shi da hasken kansa. Abin da ya faɗo masa shi yake mayarwa ido. Hasken rana yana ɗauke da duk launukan da kake gani a bakan gizo, daga shunayya har ja, babu giɓi, shi ya sa jan yadi ke samun jan da zai mayar. To, yawancin ƙwayayen LED da ke kasuwa farinsu na dabara ne. In kana da mataccen ƙwai, ɓalle farar hular nan ta roba ka duba. Za ka ga wasu ƙananan ɗige-ɗige masu ruwan gwaiduwa a jere kan faranti. A ƙarƙashin kowane ɗigo akwai ɗan ƙanƙanin gutsure da shuɗin haske kaɗai yake iya bayarwa. Ruwan gwaiduwar kuwa wata hoda ce da ake kira fosfo, aikinta ta shanye wani kaso na shuɗin ta fitar da shi a matsayin ruwan ɗorawa. Shuɗin da ya tsira ya gauraya da ruwan ɗorawar, ido ya gani ya ce fari. A bango mai farin fenti ba za ka ga aibu ba. Amma jan da ke cikin wannan haske kaɗan ne, don haka jan leshi ya zo neman abin da zai mayar bai samu ba, sai ya dusashe ya koma makuba. Da Hajiya ta kai shi rana ya dawo hayyacinsa.

Wannan dabara ba tsohuwa ba ce. Jan LED tun 1962 aka yi shi a Amurka, Nick Holonyak ne ya yi a kamfanin General Electric. Shuɗi ne ya gagari masana kusan shekara 30, har sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, duk a Japan, suka shawo kansa. A 1993 Nichia ya fitar da shuɗin LED mai ƙarfi, a 1996 ya shafa masa hodar nan ya zama fari, a 2014 aka ba mutanen uku kyautar Nobel. Sun cancanta. Amma farin da suka ba duniya fari ne mai giɓi, kuma tun daga lokacin ake ta ƙoƙarin cike giɓin.

Abin da za ka nema a jikin kwali lamba ce da ake rubutawa CRI ko Ra. Ma'auni ne na yadda fitila ke nuna launi da gaskiya, iyakarsa 100. Rana 100 ce, tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, wanda ke ƙona hannu, shi ma kusan 100 ne, duk da cin wutarsa. Ƙwan LED na gama-gari yana wajen 80, na banza bai kai ba. Mai sayar da yadi, da tela, da mai rini, da mai kwalliyar amare, da mahauci, kada su sayi abin da bai kai 90 ba. In ka ga an ƙara wata lamba R9, wannan ita ce ta ja tsantsa, kuma kai ita ta fi shafa, domin ƙwai na iya cin 80 a Ra alhali a ja bai taɓuka komai ba. Sai lamba ta biyu mai harafin K a ƙarshe: 2700K haske ne mai ja-ja irin na tsohon ƙwai, 4000K tsaka-tsaki, 6500K fari fat mai shuɗi-shuɗi, wanda mutanenmu suka fi so don suna ganin ya fi haske. Ga shagon yadi ka tsaya tsakanin 4000K da 5000K.

Ka sani ƙwai mai Ra 90 ya fi tsada, kuma a wat ɗaya haskensa ya ɗan gaza na mai 80. Ka kuma sani buga "CRI 95" a kwali ba ya cin ko sisi, ɗan jabu ya iya. Don haka ka tafi kasuwa da ƙyallen jan yadin da ka san launinsa sarai, a kunna maka ƙwan, ka ɗora ƙyallen da tafin hannunka a ƙarƙashi. In hannun ya yi toka-toka kamar na mai jinya, ajiye musu kayansu. Kuma ko ka sa fitila ta gari, kada ka bar al'adar iyayenmu ta cewa mai saye ya fita bakin ƙofa ya duba a rana. Da an yi wa Hajiya haka, da ba ka rubuto mini ba.

Daga wani ɗalibin kimiyyar sinadarai a Zariya: "Baba, na ji ana binciken wasu ƙwayoyin sinadari da za su riƙa ba da farin haske na gaskiya da kansu, ba tare da haɗa shuɗi da ruwan ɗorawa ba. Mahaifina ya kusa gama gini, ya ɗora mini zaɓen fitilu. Mu jira su fito ne? Wani mai shago ma ya nuna mini ƙwai ya ce irin sabuwar fasahar ce, kuɗinsa ninki uku."

Ɗana, amsa biyu a taƙaice: kada ku jira, kuma kada ka ba mai shagon nan kuɗin mahaifinka. Binciken gaskiya ne, ana yin sa a jami'o'in Japan da Sin da Amurka da Turai, amma babu ƙwan gida a kasuwa, nan ko can, da ƙwayar sinadari guda ɗaya ke ba shi farin haske. Tun da karatunka ne, bari in ɗan tsaya a kai.

Matsalar ta faro ne daga wata ƙa'ida da Michael Kasha ya bayyana a 1950, za ka haɗu da ita a aji in ba ka riga ka haɗu ba. Ka ɗauki ƙwayar sinadari kamar yaro a kan matakalar bene. Ko hawa nawa ka ɗaga shi, ba ya dirowa daga can sama. Sai ya sauko a hankali, ƙarfin yana zubewa a matsayin zafi, har ya iso matakin ƙarshe, daga nan ne yake yin tsalle ɗaya zuwa ƙasa. Wannan tsallen shi ne hasken, kuma tun da tsayinsa ɗaya ne kullum, launinsa ɗaya ne. Fari kuwa taron launuka ne. Neman ƙwaya guda ta ba da fari daidai yake da neman yaron ya yi tsalle iri biyu ko uku, kowanne da adadin da ya dace.

Masu binciken suna zagaye wannan ƙa'ida ta hanyoyi. Akwai ƙwayoyin da in haske ko lantarki ya taɓa su sai wani ɗan ɓangarensu, furoton, ya yi ƙaura daga wannan gefe zuwa wancan, ƙwayar ta zama mai siffa biyu: ta farko ta ba da shuɗi, ta biyu ta ba da ruwan ɗorawa ko ruwan goro. Akwai masu fitar da wani kaso na haskensu nan take, sauran kuma a jinkirce da wani launi dabam. Akwai waɗanda in suna su kaɗai shuɗi suke bayarwa, in biyu suka manne da juna sai launin ya karkata wajen ja, sai a daidaita yawansu yadda wasu za su manne wasu su tsaya su kaɗai. A ƙwalbar gwaji duk waɗannan sun ba da fari, har da mai kyau.

Daga ƙwalba zuwa silin ɗin falo ne tafiyar ke da nisa. Ƙarfi kamar ruwa yake, gangare yake bi. In ka ajiye mai ba da shuɗi kusa da mai ba da ja, jan yakan janye ƙarfin shuɗin, sai fitilar ta rinjaya gefe guda. Sannan shuɗin haske ƙarfinsa ya kusa kai wanda ke tsinka ɗaurin da ya riƙe ƙwayar kanta, don haka ɓangaren shuɗi ne ke fara mutuwa. Fitilar da ta fara fara tas, bayan wani lokaci sai ta koma kamar tsohuwar takarda. Ga iska da laima, su ma maƙiyan irin waɗannan sinadarai ne, dole a rufe su ruf. Ga kuma lissafin asara: a fitilun farko-farko da aka yi da irin waɗannan ƙwayoyi, cikin kashi huɗu na ƙarfin lantarkin da ya shiga, ɗaya ne kacal ke iya zama haske. A ƙarshen shekarun 1990 Stephen Forrest da Mark Thompson a Amurka suka nuna yadda za a kama sauran ukun ta hanyar saka ƙarfe mai nauyi a tsakiyar ƙwayar, irin su filatinom da iridiyom. Ya yi aiki, sai dai iridiyom ya fi zinariya wuyar samu a ƙasa. A 2012 Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu ya fito da ƙwayoyin da ke kama asarar ba tare da irin wannan ƙarfe ba, kuma da yawa daga masu neman farin haske a yau suna gini ne a kan ayyuka irin waɗannan.

Kada ka ɗauka duk a takarda abin ya tsaya. Fitila mai aiki da sinadaran kabon, wadda ake kira OLED, Ching Tang da Steven Van Slyke suka yi ta a kamfanin Kodak a 1987, Junji Kido na Jami'ar Yamagata kuma ya fitar da mai farin haske a farkon shekarun 1990. OLED ce a fuskar manyan wayoyi da yawa, talabijin ɗin OLED na LG ma farin haske yake yi sannan ya tace launuka daga ciki. Amma farin nasa daga shimfiɗu ne da aka jera bisa juna, kowace da nata launi, kuma farantan OLED na haska ɗaki har yau tsadarsu ta hana su zama kayan talaka. Abin da ke sa a nace da neman ƙwaya guda shi ne sauƙin ƙira, da fatan cewa in ta tsufa za ta dusashe gaba ɗaya ba tare da launi ya gurɓace ba, da kuma kuɓuta daga ma'adinai irin su itiriyom da seriyom da yurofiyom da ake yin hodar fosfo da su, waɗanda yawancin tacewarsu a hannun ƙasar Sin take.

Abin da ya iso kasuwa a zahiri gyaran dabarar nan ce ta shuɗin gutsure da hodar fosfo. An samo jajayen hodoji da ake ƙarawa kan ruwan ɗorawar don cike giɓin ja, su ne sirrin ƙwai mai Ra 90. Wasu kamfanoni kuma, irin Seoul Semiconductor na Koriya ta Kudu, sun sauya shuɗin gutsuren da mai shunayya, suka ɗora masa hoda uku, shuɗiya da koriya da ja, hasken ya fi kama da na rana. Ko da mai shagonka irin wannan ya samo, to ba ita ce fasahar da ka karanta ba, kuma ina shakkar ko wannan ɗin ce. Ka tambaye shi sunan kamfani da lambar Ra, ka ga yadda zai fara kame-kame.

Ga ginin mahaifinka: a sa mazaunin ƙwai na gama-gari, mai murɗawa ko mai ƙugiya, wanda za a cire ƙwai a sa wani. Ku guji cika silin da fitilun nan da aka haɗe da gidansu, waɗanda in sun mutu sai an kira mai gyara ya ɓalle. Duk ranar da sabuwar fasaha ta iso da farashin hankali, murɗawa ɗaya ce. Ɗakin kwana 2700K zuwa 3000K, kicin da wajen karatu 4000K.

Daga wani magidanci a Gusau: "Na ga ƙwai wat 50 a hannun mai talla a baro, kuɗinsa bai kai na wat 9 da ake sayarwa a shago ba. Ba gara in kwashi dozin ba?"

Malam, da wane lissafi? Buhun shinkafa ne aka ce maka ya fi kwano araha, kai kuma kana tambayata ko ka kawo mota. Na so in wuce wannan wasiƙa, amma irinta biyar na samu, kuma nan ne kuɗin mutanenmu ke zurarewa ba tare da sun ji ba.

Da farko, wat ba haske ba ne. Wat ma'aunin wutar da ƙwai ke ci ne. Ma'aunin haske shi ne lumen, ana rubuta shi lm. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da wajen lumen 800, LED na gari kuma yana ba da haka da wat 8 zuwa 10. Mun taso muna auna haske da wat, 'yan jabu sun san da haka, shi ya sa suke buga lamba ƙatuwa da jan rubutu, lumen kuwa ko a ɓoye shi ko a yi masa ƙarya. Ƙwan gida na kirki yana ba da lumen 80 zuwa 120 a kowane wat. Ka raba lambar lumen da ta wat da kanka a waya kana tsaye a gaban mai kaya. In lissafin ya fita daga nan da nisa, ɗaya daga cikin lambobin biyu ƙarya ce, galibi ma duka.

Na taɓa faɗawa wannan rami, ba zan ɓoye ba. Na sayi wani ƙwai ƙato kamar gwanda, an rubuta wat 30, na sa a zaure. Hasken bai gamsar da ni ba, na ari 'yar mitar auna wat wajen wani mai gyaran rediyo, ta nuna bai kai rabin abin da aka rubuta ba. Bayan 'yan makonni ya fara ƙifta ido, ya mutu. Da na fasa shi, cikinsa fayau: ɗan faranti kamar murfin gwangwanin madara, 'yan wayoyi biyu sirara kamar gashi, da wasu 'yan tarkace da ba su cika cokali ba. Girman duk iska ce. Da na koma, mai baron ya yi gaba.

LED yana yin zafi, duk da ana cewa ba ya yi. Gaban ƙwan ne ba ya zafi, gindinsa kuwa yana yi, kuma zafi shi ne ajalinsa. Ƙwan da ke cin wat 50 da gaske yana buƙatar jiki mai alminiyom da zai kwashe zafin, za ka ji nauyinsa a hannu. Wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar kwalin ashana, ba wat 50 ba ne, in kuwa shi ne, ba zai ga wata mai zuwa ba. Kuma abin da ya fi mutuwa a ƙwai ba ɗige-ɗigen hasken ba ne, 'yar na'urar da ke gindi ce mai daidaita wuta. A nan ɗan jabu ke rage kuɗi, domin ba a gani. Ƙwai na gari za ka ga an rubuta yana ɗaukar ƙarfin wuta daga wajen volt 100 zuwa 240, wasu ma 85 zuwa 265. Irinsa ne ke jure halin wutarmu, da ke zuwa yau ba ƙarfi gobe ta zo da hauka, da kuma janareton da ke shaƙewa in an kunna injin ruwa. Na jabu wuta na raguwa ya dusashe, tana ƙaruwa ya ƙone.

Akwai kuma ƙiftawar da ido ba ya kamawa. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan da ba a tace masa wutar da kyau ba yana haskawa yana dusashewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Wasu mutane ba sa jin komai, wasu kuwa ciwon kai da gajiyar ido. Gwajin ba ya cin kuɗi: buɗe kyamarar wayarka, ka sa ta a ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ka nuna ƙwan. In ka ga baƙaƙen layuka masu kauri suna gudu ko hoton yana walƙiya, kada ka sa shi inda yara ke karatu, kada tela ya sa shi a kan keke.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum zai yi cinikin tumatir na minti goma, amma ƙwan da zai kwana a kan 'ya'yansa ko tambayar sunan kamfani ba zai yi ba. Kwali ya ce awa 15,000. In kana kunnawa awa 6 kullum, wannan kusan shekara 7 ke nan. Waye a cikinku ƙwan baro ya taɓa yi masa shekara guda? Ka sayi na araha sau shida a shekara, ka hau kujera sau shida, ka ƙare ka biya fiye da kuɗin na gari, kana zaune a rabin duhu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya a Najeriya, amma ba za ta bi kowane baro lungu-lungu ba, tambarinta ma ana kwaikwayonsa. Kariyarka ita ce shago mai ƙofa wanda gobe za ka same shi a wurin. Ka ce a rubuta ranar saye da alƙalami a gindin ƙwan, ka karɓi rasit, ku yi magana a kan wata nawa za a canza maka in ya mutu. Mai kaya na gari ba ya tsoron wannan magana. Kuma ko a shagon, guda ɗaya za ka fara saya, ya yi wata guda a gidanka, sannan ka koma dozin.

Wanda har yanzu yake da tsohon ƙwai mai zare, shi kam ya canza yau. Bambancin wat 60 da wat 9, awa 6 kullum, ya haura yunit 9 a wata. Ga wanda ke biyan sama da naira 200 a yunit, wannan ya wuce naira 1,800 a kan ƙwai ɗaya tak.

Daga wata mai jego a Maraɗi: "Malam, haihuwata ta fari ce. An ce mini farin ƙwan nan yana lalata idon jariri, har na daina kunna fitila, da tocilar waya nake shayarwa. Kuma wata maƙwabciya ta ce in ya yi shawara in ajiye shi ƙarƙashin shuɗin ƙwai. Hankalina ya ƙi kwanciya."

Barka da arziki, 'yata, Allah ya raya. Kwantar da hankalinki, kunna fitilarki. Ƙwan ɗaki mai farar hula, a saman silin, ba ya lalata idon jariri. Tocilar wayar ma ita ce abin kiyayewa in ana haska masa ita kai tsaye a fuska, domin haskenta a dunƙule yake kuma a kusa. Abin da aka tabbatar game da haske mai shuɗi-shuɗi shi ne in ya yi yawa da dare yana jinkirta barci, don jiki yana ɗaukarsa kamar gari bai yi duhu ba. Ki nemi ƙaramin ƙwai mai wat 3, 2700K, ki sa a gefe inda ba ya kallon fuskarsa. Zai ishe ki shayarwa da canza masa ƙyalle, ke ma za ki fi saurin komawa barci.

Maganar maƙwabciya kuwa, ki yi mata godiya amma kada ki bi. Gaskiya ne asibiti na amfani da shuɗin haske wajen maganin shawarar jarirai, amma fitila ce ta musamman da aka auna ƙarfinta, ana rufe wa jaririn ido, ana kuma duba jininsa. Shuɗin ƙwan kasuwa ba zai yi wannan aiki ba, sai dai ya cinye muku lokaci, shawara mai tsanani kuwa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Kuma kada ki duba launin jikinsa a hasken ƙwai, domin kamar yadda ya ruɗi mai leshi haka zai ruɗe ki. Da safe ki kai shi bakin taga, ki duba farin idonsa, ki ɗan danna goshinsa ko hancinsa da yatsa ki saki. In kin ga ruwan ɗorawa, ko ya rage kama nono, ko barcinsa ya yi nauyi har tashinsa na wuya, a tafi asibiti a ranar, kada a jira suna.

Daga wani a Bauchi: "Ƙwan ɗakina in na kashe shi sai ya ci gaba da ɗan haske cikin dare. Matata ta ce a kira malami."

A kira mai gyaran wuta. LED wuta kaɗan ke isarsa ya yi ƙyalli, kuma galibi abin da ke jawo haka shi ne an ɗaura makunnin a kan wayar da ba ita ke ɗauke da wuta ba, ko makunni ne mai 'yar fitila a jiki. In na farkon ne, ko ka kashe akwai wuta a mazaunin ƙwan, kada ka sa yatsa ciki. A gyara a wannan makon. In kuwa hasken na 'yan daƙiƙoƙi ne ya ɓace, ba komai.

Daga wata mai sana'ar ɗinki a Kumasi: "Ƙwai mai caji, wanda ke ci gaba da haske in an ɗauke wuta, yana da kyau?"

Yana da amfani, Hajiya, amma batir ne aka cusa a wuri mafi zafi a jikin ƙwai, don haka kada ki sa ran zai daɗe kamar wanda ba shi da shi. Awannin da aka rubuta a kwali ki raba biyu. Guda ɗaya ko biyu a hanyar banɗaki da kicin sun isa, kada a sa shi cikin gilashin fitila rufaffe, kuma duk ranar da kika ga ya kumbura ko kika ji ƙauri, a cire shi a fitar waje. Ga keken ɗinkinki ki koma sama ki karanta amsar mai leshi, taki ce ke ma.

Daga wani mai sola a Katsina: "Zan iya sa ƙwan gida a batir kai tsaye?"

A'a. Ka duba jikinsa: in an rubuta DC 12V na batir ne, in an rubuta 220 zuwa 240 sai ta inbata. Kada kuma ka yi akasin haka, ƙwan 12V a wutar gida ƙara ɗaya zai yi.